Wasan kalmomi a tsakar gida don yaron da ke gudun karatu

Iyaye maza da mata na Damana da kewayenta, darasinmu na wannan fitowa ya shafi yaran gidajenmu. Akwai yaron da in an ce ya ɗauko littafi sai cikinsa ya fara ciwo. Akwai wanda a lokacin ne zai tuna ba a ba awaki ruwa ba. Wani kuma zai zauna, ya buɗe littafin, ya ƙura masa ido, bakinsa a rufe. Mukan ce irin wannan yaro malalaci ne, ko mu ce kansa ba ya ja. Sau da yawa ba haka ba ne. Yaron nan shi ne ke duban garke da yamma ya faɗi tunkiyar da ba ta dawo ba. Shi ne ke cinye yayyensa a dara. Kansa lafiya lau yake. Gajiya ce ta kama shi, kuma gajiyar tana da dalili.

Mu da muka shiga ajin yaƙi da jahilci da girmanmu mun san wannan gajiya. Ku tuna watanninku na farko. Malam ya rubuta "gona" a allo, kana kiran baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Ka haɗa "go", ka haɗa "na", sannan kalmar ta fito. Kafin ka kai ƙarshen layi ka manta farkonsa. Ka sha wahala, amma ba ka ji labarin ba. Babba yana jurewa domin ya san abin da ya kawo shi: yana so ya karanta saƙon ɗansa da ya tafi cin rani, ko ya duba takardar bashi kafin ya dangwala hannu. Yaro ɗan shekara 7 ba shi da irin wannan dalili. In abu ya yi masa wuya kuma babu daɗi a ciki, sai ya gudu.

Yau da yawanku kuna ganin "gona" ku gane ta nan take, kamar yadda kuke gane fuskar maƙwabci a kasuwa, ba tare da kun duba hancinsa dabam, kunnensa dabam ba. Wannan shi ake kira gane kalma da gani ɗaya. Kun kai ga haka ne domin kun haɗa baƙaƙenta sau da yawa har ta zauna muku a kai. Wani yaro haɗuwa kaɗan ta ishe shi. Wani sai ya gamu da kalmar sau da yawa ƙwarai. Malamin da ke gaban aji cike da yara ba zai iya tsayawa kan kowane ɗaya ba. Maimaicin da ya rage aikin gida ne, kuma wasa ya fi tsawa iya yin sa.

Kalmomin da za a fara da su

Ku ɗauki fensir, ku koma sakin layi na farko na wannan darasi, ku ja layi a ƙarƙashin kowane "da" da kowane "ya". Ku ƙirga. Za ku ga ƙananan kalmomi ne suka cika rubutu: da, na, ta, ya, a, ba, ne, ce, ga, ko, sai, in, amma, cikin. Ba su da hoto, ba a iya nuna su da yatsa kamar rago ko rumbu, shi ya sa ba a cika kula da su ba. Amma yaron da ke tuntuɓe a kansu yana tuntuɓe sau uku ko huɗu a kowane layi. In ya san su, ƙarfinsa sai ya koma kan sababbin kalmomi, labari kuma ya fara shiga kunnensa.

An daɗe da lura da haka. A Amurka, a shekarar 1936, wani malamin jami'a mai suna Edward Dolch ya tattara kalmomin Ingilishi 220 da suka fi yawan fitowa a littattafan yara, kuma malamai a can suna aiki da jerinsa har yau. Mu ba mu bukatar masu yawa haka don farawa. Ingilishi ba a cika rubuta shi yadda ake faɗinsa ba. Hausa kuwa, a yadda aka daidaita baƙaƙenta, musamman tun taron Bamako na 1966, kusan kowane baƙi sauti ɗaya yake bayarwa. Kalmomi 30 sun isa aikin wata biyu ko uku: rabi daga ƙananan nan, rabi daga abin da yaro ke gani kullum, kamar hatsi, wake, ruwa, rumbu, gona, hauya, akuya, tuwo, da sunansa shi kansa.

Kada a ɗauki wannan magana da sauƙi. Jarrabawar PASEC, wadda ake yi wa ƴan firamare a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, ta nuna a 2014 cewa a Nijar, cikin yara 10 da suka kai ajin ƙarshe, da ƙyar 1 ke karatu yadda ya kamata. A 2019 abin ya gyaru zuwa wajen 3 cikin 10. An ci gaba, amma 7 ɗin da suka rage ƴaƴan wasu ne. A jiharmu ta Tillaberi kuma akwai ƙarin nauyi: a shekarar 2023 makarantu wajen 900 ne rashin tsaro ya sa aka rufe. Ko inda makaranta ke buɗe, babban hutu yana faɗowa ne a tsakiyar damina (muna rubuta "damina" don kada a rikita ta da sunan garin), yaro ya yi wata uku tsakanin gona da kiwo bai ga baƙi ko ɗaya ba. In an koma aji a watan Oktoba, abin da bai zauna sosai ba ya zube.

Ƙa'ida ɗaya kafin a fara

Ba a shigar da kalma cikin wasa sai yaro ya haɗa baƙaƙenta da bakinsa. A nuna masa ita, ya sa yatsa ƙarƙashin kowane baƙi, ya kira sautinsa, ya haɗa. Sannan ya rubuta ta a ƙasa da yatsa sau ɗaya ko biyu. In aka tsallake wannan, yaro mai wayo zai haddace surar takardar ne: wadda ke da ɗigon mai a gefe ita ce "ruwa", mai yagaggen kunne ita ce "wake". Zai ci wasa, ku yi murna, ranar da ya ga "ruwa" a littafi kuma ya tsaya cik. In har bai san baƙaƙen ba tukuna, to da baƙaƙe za a yi wasannin nan, kalmomi su jira.

Kayan aiki

Babu abin saye. A nemo kwalin sukari, na shayi ko na sabulu, a yanka shi gwargwadon tafin hannun yaro. A rubuta kalma ɗaya a kowane yanki, da bik ko da tawada, ko da dakakken gawayi da aka kwaɓa da ƙaro. Rubutun ya zama manya-manya, amma da ƙananan baƙaƙe irin na littafi, domin su yaro zai fi gamuwa da su. Kowace kalma a yi mata yanki biyu. A ajiye su cikin gwangwani mai murfi, saboda gara da awaki duka suna son kwali.

A nan shafinmu na lafiya yana da magana. Kada a yanka kwalin da aka zubo maganin ƙwari ko na feshi a ciki, ko da ya yi kama da mai tsabta, domin yaro yana taɓa kwali ya kai hannu baki. Kada a fasa tsohon batir don a samu baƙin rubutu. Kada a yi ƴaƴan wasa da irin shuka da aka cuɗa da magani. Launinsa ja ko shuɗi yana jan idon yara, kuma guba ne. Tsakuwa da kara sun isa. Su ma a tattara su bayan wasa, kada mai rarrafe ya haɗiye ko ya cusa a hanci.

Darar kalmomi

Da ita muka fara domin babu garin da ba a san ta ba, daga Balleyara har Filinge, kuma yaro yana ganinta wasan manya. Kun san tsarinta: gurbi 30, layi 5 mai gurbi shida-shida, kowane ɗan wasa da ƴaƴa 12, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa ɗaya.

Ga abin da za a ƙara. Maimakon ramuka, a zana gidaje 30 masu faɗi a ƙasa mai laushi. A zaɓi kalmomi 6 kaɗai, a rubuta su da tsinke a saman kowane gida, a warwatse, yadda kowace za ta fito sau 5. Dokar ita ce: ba ka ajiye ɗa a gida sai ka kira kalmar gidan. Haka in za ka matsa. In ka jera uku, ba ka ci ba sai ka karanta kalmomin gidajen ukun a jere.

Ku lissafa. Tun kafin a fara matsawa an kira kalma sau 24: yaron ya kira 12, ya ji an kira 12 yana kallo. Kafin wasa ya ƙare ya gamu da kowace kalma fiye da yadda zai gamu da ita a shafi guda na littafi, kuma bai ji an ce masa "zauna ka yi karatu" ba. Hankalinsa yana kan cin ɗan Baba.

In ya kasa kiran kalma, ba a ƙwace masa wasa. A ce ya sa yatsa ya haɗa baƙaƙen, in ta fito ya ajiye ɗansa. A ba shi lokaci. Mu manya muna da saurin faɗa wa yaro amsa don tausayi, wannan tausayin kuwa yana hana shi aikin da ake so ya yi. A ƙirga biyar a zuci. In bai samo ba, a ba shi sautin baƙin farko kaɗai.

Akwai wata doka da muke ganin ta fi sauran amfani. In babba ya kira kalma ba daidai ba, yaro ya kama shi, yaron ya ci ɗa guda kyauta. Saboda haka lokaci-lokaci uba ya sa tsakuwarsa a gidan "ba" ya ce "da", fuskarsa a ɗaure. Yaro zai yi tsalle ya ce: "Baba, ba haka ba ne, wannan ba ce!" Uban ya ce: "Kai, ɗan nan, idonka ya fi nawa." Daga ranar yaron zai riƙa karanta gidajen ubansa ma, yana jiran ya sake kama shi. Wanda ake yi wa gyara kullum a aji ya samu wurin da shi ke gyara wani, kuma wannan kaɗai yakan sauya yadda yake kallon rubutu.

Ga ƙananan yara gida 30 ya yi yawa. A zana 9, uku sau uku, kalmomi 3, kowa da ƴaƴa 3.

Kasuwar bebaye

Wannan ya fi dacewa da uwa da yara biyu ko uku. Yaro ya baza hajarsa a faifai: ɗan hatsi a murfin gwangwani, wake, gishiri, albasa, sabulu, ko ma tsakuwa da ganye a madadinsu. Mai saye ba ya magana. Kwali yake miƙawa. In ya miƙa "wake", mai haja ya karanta da ƙarfi ya ba shi wake. In ya ba da abin da ba shi aka nema ba, ciniki ya ɓaci, mai saye ya wuce wurin na kusa.

Bayan kwana biyu sai a shigo da ƙananan kalmomi, a nan ne kuma amfanin wasan yake. A jera kwali uku: "hatsi", "da", "wake". Sai ya ba da duka biyun. A cire na tsakiya a sa "ko": yanzu ɗaya zai zaɓa. A sa "ban da": hatsi zai bayar ya riƙe wakensa. Yaro yana gani da idonsa cewa kalma mai baƙi biyu tana juya ciniki gaba ɗaya, sai ya daina tsallake ta. Daga baya a ƙara lambobi: "tiya 2", "dala 5". Wanda ya saba da wannan ba zai sha wuyar karanta takardar aike ba.

Gala-gala da ɓoyo

Akwai yaran da zama ne babbar wahalarsu. Irin waɗannan a ba su wasan tsalle. Ƴan mata sun san zanen ƴar gala-gala. A rubuta kalma a kowane ɗaki, mai tsalle ta kira ta duk inda ƙafarta ta sauka, ta kuma kira ta ɗakin da tsingaronta ya faɗa. Ƙafa za ta share rubutun, kuma hakan riba ce: wadda ta share ita ke sake rubutawa. Abu ɗaya za a kiyaye, kada a rubuta sunan Allah, ko na Annabi, ko sunan iyaye a inda za a taka.

Na ɓoyo kuwa, a ba yaro kwali mai "rumbu". In ya je gindin rumbu ya tarar da "turmi", a turmi ya tarar da "randa", a randa "turke", a ƙarshe dabino biyu ko ƙuli-ƙuli. A ajiye kwalayen a fili. Kada a cusa su a ramin bango ko ƙarƙashin dutse, wurin kunama ne.

Kalmomi masu kama da juna

In yaro ya fara sauri, wata matsala takan taso: yana duban rabin kalma ya cika sauran da ka. Maganinta wasan tagwaye. A kife kwalaye 12, wato kalma 6 kowace biyu. Kowa ya buɗe biyu ya karanta. In iri ɗaya ne ya ɗauka, in ba haka ba ya mayar a kife. Amma kalmomin a zaɓo su da gangan masu kama: kara da ƙara, kafa da ƙafa, daka da ɗaka, na da an, ba da da. Wanda ya buɗe "kara" da "ƙara" ya yi saurin ɗauka ya yi hasarar zagayensa. Sau biyu haka ta same shi zai fara duban lanƙwasar da ke kan baƙin.

Baƙaƙen b da d su ne suka fi rikita masu koyo, manya da yara. Ga hanyar da za a gwada. Rubutun boko daga hagu yake tafiya zuwa dama, nan ne gabansa. To b mace ce mai ciki, kumburinta yana gaba. Ita kuwa d mai goyo ce, nata yana baya. Juya waɗannan baƙaƙe a shekarar farko ko ta biyu ba ciwo ba ne, yawancin yara suna wuce shi.

Akwai kuma kalmomin da rubutunsu ɗaya ne, faɗarsu dabam, domin rubutunmu ba ya nuna jan wasali ko hawa da saukar murya. "Gari" na iya zama wurin zama, na iya zama na tuwo. "Fari" na iya zama launi, na iya zama rashin ruwan sama. Shi ya sa duk wasa ya kamata ya ƙare da jimla. A ɗauki kwalaye huɗu ko biyar a jera: "akuya ta ci wake". Yaro ya karanta, ya sauya kwali ɗaya don a yi dariya: "wake ya ci akuya". A bar shi ya yi shirmen, karatu yake yi.

In yaren gida dabam, na littafi dabam

A ƙasar Kurfai Hausa ake yi. A Tondikandiya, inda Damana take, gidaje da yawa Zabarmanci suke yi, ga kuma Buzaye da Fulani a cikin Dallol. Shawararmu ita ce a fara da yaren da yaro ke mafarki da shi. Mai Zabarmanci ya rubuta hari, hayni, fu, habu, haw, da ƙananan kalmomi irin su nda, ga, si, ay, ni. Baƙaƙen kusan ɗaya ne da na Hausa, wasannin kuma ba su sauya ba. Yaron da ya gane yadda baƙi ke zama sauti a yarensa zai tafi da wannan sani duk yaren da ya shiga.

Wannan ba sabon ra'ayi ba ne a ƙasarmu. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa wuri a makaranta, kuma a watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk da haka yara da yawa da littafin Faransanci suke dawowa gida, kuma a can ne gane kalma da gani ɗaya ya fi zama dole. Kalmar ruwa a Faransanci baƙi uku ce, "eau", amma "o" kaɗai ake ji. A "les" da "dans" ba a faɗin baƙin ƙarshe. Uban da bai iya Faransanci ba kada ya yi kintace. Ya je wurin malamin ajin ya roƙi kalmomi 10 da suka fi fitowa a littafin, irin su le, la, un, une, et, est, de, il, elle, malam ya faɗe su a gaban yaron, ko wani yayansa na babban aji ya zama alƙalin wasa. A raba gwangwani biyu, domin "ce", "ne", "ma", "ta" da "sa" suna cikin yarukan biyu, ma'anarsu kuwa ba ɗaya ba ce, wasunsu ma faɗarsu ta bambanta.

Yadda za a tafiyar da shi

Kwata ɗaya na awa ya isa, a tashi tun yaro yana son a ƙara. Bayan la'asar ya fi, akwai haske kuma zafi ya sauka. Lokacin noma ana iya zana dara a hutun rana, a inuwar aduwa ko ta kalgo, tunda gawo yakan kaɗe ganyensa da damina. A fara da kalma 5 ko 6. Wadda yaro ya kira kafin a ƙirga biyu, kwana uku a jere, ta zauna. A ƙaro sabuwa, amma tsohuwar ta riƙa dawowa jefi-jefi.

Bulala ba ta shiga wannan wasa, gori ma haka. Kada a haɗa mai rauni da ƙanensa da ya fi shi sauri a ce su kara, domin kunyar ranar za ta daɗe. Gara a haɗa su gefe ɗaya su kara da babba. Yarinya kuma a duba lamarinta: sau da yawa lokacin da ɗan'uwanta ke wasa ita tana rijiya ko tana daka. In ba a ware mata lokacinta da gangan ba, ba za ta samu ba. Inda uwaye mata ke da ƙungiya a makaranta, za su iya yanka kwalaye tare su riƙa musaya tsakanin gidaje.

Wasu dattawa za su ga kwalaye a hannun yara su ce karta ce. Damuwarsu tana da tushe, a girmama ta. A nuna musu abin da ke rubuce, a kuma tsare doka: ba a sa kuɗi, ba a cin kayan kowa.

In wasa bai yi aiki ba

In an yi wata biyu ana wasa a kai a kai yaro bai motsa ba, a duba jikinsa kafin a zargi halinsa. A tsaya taki biyar daga gare shi, a ɗaga kwali mai babban rubutu, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, sannan ɗayan. In yana runtse ido, ko yana matsowa, ko yana kai littafi dab da hanci, a kai shi likita. Yaron da ke laluben hanya da zarar magariba ta yi yana iya zama da dundumi, wanda rashin bitamin A ke kawowa. Ganyen zogale, kabewa, karas, mangwaro da hanta suna taimakawa, amma a nuna shi ga ma'aikacin lafiya. Idon da ke yawan kwantsa da ƙaiƙayi a riƙa wanke shi da ruwa mai tsabta, a kuma kai shi a duba, kada amodari ne. Kunnen da ke zubar da mugunya yana rage ji, wanda bai ji bambancin "k" da "ƙ" ba kuwa ba zai rubuta shi ba. Yunwa, tsutsar ciki da ƙarancin jini bayan zazzaɓin cizon sauro duk suna sa yaro gyangyaɗi a kan littafi. In likitar kusa ta ga abin ya fi ƙarfinta, za ta tura ku asibitin Filinge.

Akwai kuma yaran da idonsu da kunnensu lafiya lau, wayonsu cikakke, amma haɗa baƙi da sauti yana yi musu wuya fiye da kowa. Ba aljanu ba ne, ba taurin kai ba ne. Su ma suna koyo, sai dai a hankali: kalma 3 maimakon 6, rubutu da yatsa a rairayi kowace rana, da sanar da malaminsu don ya zaunar da su a gaba.

Daga kwali zuwa takarda

In kalmomi 30 sun zauna, a fitar da yaro farauta. A ba shi wannan jarida ya nemo "ruwa" ko "gona" a shafin noma, kowace da ya samo tsakuwa ɗaya. A nuna masa buhun taki ya karanta NPK da 15-15-15, a gaya masa lambobin suna faɗin yawan abinci uku na shuka da ke ciki. A nuna masa HKP a jikin ledar irin hatsi. A buɗe masa katin rigakafin ƙanwarsa ya nemo sunanta da ranar komawa likita, a ce shi ne zai tuna wa Inna. A ɗauko ƙunshin gishirin zawo ya nemo lambar da ke nuna yawan ruwan da ake zubawa. A yawancin ƙunshi lita 1 ce, amma abin da ke rubuce a jiki shi ake bi. Ranar kasuwa kuma uwa ta jera masa kwalaye na gaske, "gishiri da albasa, ban da goro", ya kwafe a takarda, ya riƙe ta a aljihu, a aike shi.